Kun Tambaya, Mun Amsa: Fadar Bersai da Salon Ginin Barok

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun karkata ga wuri ɗaya, wato fadar sarakunan Faransa da ke garin Bersai, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Versailles. Mun taƙaita tambayoyin kafin mu kawo amsoshinsu.

TAMBAYA: Malam, a lokacin wasannin Olamfik na 2024 na ga an yi gasar dawakai a harabar wata ƙasaitacciyar fada da aka ce sunanta Bersai. Wane ne ya gina ta, kuma me ya sa aka kai ta bayan gari alhali sarki yana da fada a cikin birnin Faris? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka gani a talabijin wani yanki ne kawai na lambun fadar. Bersai tana da nisan kimanin kilomita 20 kudu maso yammacin Faris, kuma a farkon ƙarni na 17 ƙaramin ƙauye ce a tsakanin daji da fadama. Sarki Luwi na 13, wanda farauta ta shiga ransa ƙwarai, shi ne ya gina masauki a wurin a 1623 domin ya samu inda zai kwana idan dare ya riske shi a daji. Tsakanin 1631 da 1634 aka sāke ginin, ya zama madaidaicin gida na jan bulo da farin dutse, kuma har yau wannan gida yana nan a tsakiyar fadar ta fuskar gabas, yana kewaye da wata farfajiya da aka shimfiɗe da marmara baƙi da fari.

Wanda ya mayar da gidan farauta ya zama fadar da duniya ta sani shi ne ɗansa, Luwi na 14, wanda ya hau gadon sarauta a 1643 yana ɗan shekara 4, ya kuma yi shekara 72 a kai. Dalilin da ya sa bai aminta da Faris ba yana cikin ƙuruciyarsa. Daga 1648 zuwa 1653 manyan alƙalai da 'ya'yan gidajen sarauta sun yi ta tayar wa gwamnati da ƙayar baya, har ta kai a watan Janairun 1649 aka fitar da yaron sarki daga birnin cikin dare, sa'an nan a 1651 jama'ar gari suka kutsa har ɗakin kwanansa domin su tabbatar da idonsu cewa ba a sāke gudu da shi ba. Wanda ya ga irin wannan yana yaro ba ya mantawa.

A 1661 waziri Mazarin ya rasu, sarki ya ce daga ranar shi da kansa zai riƙe ragamar mulki. A watan Agustan wannan shekara ma'ajin ƙasa, Nicolas Fouquet, ya shirya masa walima a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi duk abin da sarki ya mallaka kyau da tsari. Bayan mako uku aka kama Fouquet bisa zargin cin dukiyar baitulmali, kuma a kurkuku ya ƙare rayuwarsa a 1680. Ana yawan cewa hassadar walimar ce ta jawo masa, amma an riga an ƙulla shawarar kama shi tun kafin ranar. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne, sarki ya kwashe gwanayen nan uku da suka yi wa Fouquet aiki ya kai su Bersai: Louis Le Vau mai tsara gini, Charles Le Brun mai zane da ƙawata ɗakuna, da André Le Nôtre mai tsara lambu. Daga 1668 Le Vau ya lulluɓe tsohon gidan da sabon ginin farin dutse ta ɓangarori uku, domin sarki bai yarda a rushe gidan mahaifinsa ba. Daga 1678 kuma Jules Hardouin-Mansart ya karɓi aikin, ya ƙara dogayen sassa biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, da bargogin dawakai biyu waɗanda baƙo zai iya ɗauka fada ce mai zaman kanta. Ranar 6 ga Mayun 1682 sarki ya tare da iyalinsa da ministocinsa da fadawansa, alhali magina ba su sauka daga kan gini ba.

Ba tilasta wa manyan ƙasa aka yi su bar garuruwansu ba, sai dai muƙami da kyauta da aure mai daraja duk a wurin sarki ake samunsu, shi kuwa yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ɗaya daga cikin fadawansa, Saint-Simon, ya rubuta cewa idan aka nema wa wani alfarma alhali ba ya zuwa fada, sarki yakan amsa da cewa mutum ne da ba ya gani, shi ke nan magana ta mutu. Wanda ya san yadda fadanci yake a gidajen sarautarmu zai gane wannan da sauri, illa dai a Bersai an kai abin ga matuƙa, domin tashin sarki daga barci da sanya tufafinsa da cin abincinsa duk a gaban jama'a ake yi, kuma akwai ƙa'idar wanda zai fara shiga ɗaki da wanda zai miƙa riga. 'Ya'yan mutanen da suka ɗauki makami a 1648 sai ga su suna takarar wanda zai riƙe wa sarki kyandir idan zai kwanta.

TAMBAYA: Ina koyar da zane a makarantar sakandare. Littattafai suna cewa Bersai ginin barok ne, amma ba sa bayyana ta yadda mai kallo zai gane hakan. Mene ne barok, kuma a ina yake a jikin wannan fada? Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Malama, barok salo ne na gini da zane da sassaƙa wanda ya taso a birnin Roma wajen shekarar 1600, ya mamaye Turai har zuwa tsakiyar ƙarni na 18. Ya taso ne a lokacin da Cocin Katolika ke ƙoƙarin dawo da martabarta bayan ɓallewar Furotesta, kuma shugabanninta suka ga cewa ginin ibada ya kamata ya girgiza zuciyar mai shiga tun kafin ya ji wa'azi. Saboda haka magina irin su Bernini da Borromini suka riƙa lanƙwasa bango, suna wasa da haske da inuwa, suna zana rufin ɗaki ta yadda mai ɗaga kai zai ga kamar ya buɗe har sararin samaniya, suna kuma haɗa gini da zane da mutum-mutumi su zama abu guda wanda ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Sarakuna ba su daɗe ba suka lura cewa abin da ya yi wa coci amfani zai yi wa sarauta.

A nan akwai abin da ya kamata ki faɗa wa ɗalibanki, domin littattafai da yawa suna tsallake shi. Faransawa ba su karɓi salon Italiya gaba ɗaya ba. A 1665 an gayyato Bernini kansa zuwa Faris domin ya tsara sabuwar fuskar fadar Louvre, aka karrama shi, amma daga baya aka ajiye tsarinsa aka ba 'yan ƙasa aikin. Shi ya sa idan kika tsaya a lambun Bersai kika dubi fadar, ba za ki ga bango mai lanƙwasa ba. Abin da za ki gani shi ne dogon gini miƙaƙƙe mai hawa uku: na ƙasa da aka tsattsaga duwatsunsa domin ya nuna ƙarfi, na tsakiya mai dogayen tagogi da ginshiƙai inda sarki yake zama, da gajeren hawa a sama wanda aka ɓoye rufinsa a bayan ƙaramar katanga mai ɗauke da sassaƙe-sassaƙe. Masana Faransa ma sun fi son a ce gininsu ya bi tafarkin Girkawa da Romawan da ne, mai natsuwa da ma'auni. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, domin fuskar ginin mai kamewa ce, amma cikinsa da tsarin filinsa barok ne tsantsa.

A ciki, sashen sarki jerin ɗakuna ne da aka daidaita ƙofofinsu a kan layi ɗaya, ta yadda idan aka buɗe su duka mutum zai hango daga na farko har na ƙarshe. An sa wa ɗakunan sunayen taurari da allolin Romawan da, kuma ɗakin gadon sarauta shi ne na Apollo, wanda suke dangantawa da rana, domin rana ce alamar da Luwi na 14 ya zaɓa wa kansa. Jakadan da ya zo gaisuwa sai ya ratsa ɗaki bayan ɗaki, kowanne da marmara mai launi da ruwan zinariya da zane a rufi, kafin ya isa gaban sarki, kuma wannan tafiya da gangan aka tsawaita ta.

Ƙololuwar abin shi ne Zauren Madubai, wanda aka gina daga 1678 zuwa 1684 a inda dā yake buɗaɗɗen baranda mai kallon lambu. Tsawonsa mita 73 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 10, tsayinsa kuma ya ɗan haura mita 12. A bango ɗaya akwai manyan tagogi 17, a ɗaya bangon kuma akwai bakan gizo 17 masu fuskantarsu, kowanne an cike shi da madubai 21, jimilla 357. Da rana lambun yakan bayyana a cikin madubai kamar zauren ba shi da bango ta kowane gefe, da dare kuma hasken kyandir yakan ninku. Kada a manta cewa a wancan zamani babban madubi dukiya ce ta gaske, kuma mutanen birnin Benis, da ke Italiya ta yau, su ne kaɗai suka riƙe sirrin yin sa. Minista Colbert ya kafa masana'antar madubi ta sarki a 1665, ya jawo wasu gwanayen Benis da kuɗi, kuma wannan masana'anta ce ta zama kamfanin Saint-Gobain da ke nan har yau. Don haka zauren yana shaida wa kowane jakada cewa Faransa ta iya ƙera abin da dā sai ta saya. A rufin kuwa Le Brun ya yi zane 30, kuma maimakon tatsuniyoyin alloli kamar yadda aka saba, sarki da kansa aka zana, da yaƙe-yaƙensa da gyare-gyarensa tun daga 1661 har zuwa sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin Holan a 1678. A wannan zaure aka karɓi shugaban Jenowa, birnin da ke Italiya ta yau, a 1685, da jakadun Siyam, wato Tailan ta yau, a 1686, da jakadan Farisa a 1715.

Amma idan ɗalibi ya ce a nuna masa barok a kallo ɗaya, taswirar wurin za a shimfiɗa masa. Daga gabas manyan hanyoyi uku suna tahowa su haɗu a ƙofar fada. Daga yamma layi ɗaya miƙaƙƙe yana fita daga fadar, ya ratsa tafkuna da shimfiɗar ciyawa da maɓuɓɓugar Apollo mai feso ruwa sama, ya bi dogon tafki har inda ido ya gaza. A daidai kan wannan layi, a tsakiyar ginin, aka mayar da ɗakin kwanan sarki a 1701, yana fuskantar mafitar rana, kuma a cikinsa ya rasu ranar 1 ga Satumban 1715. Gari da gida da daji duk an jera su a kan mutum ɗaya. Wannan tsari ne sarakunan Turai suka yi ta koyi da shi, a Schönbrunn ta Biyana, da Peterhof kusa da San Fitasbag, da Caserta kusa da Nafoli wadda aka fara a 1752.

TAMBAYA: Ni magini ne. Tunda kun sha cewa wurin fadama ne ba kogi, daga ina aka samo ruwan da ke tashi sama a lambun, kuma mutum nawa suka yi wannan aiki? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Maigida, ka taɓo inda ya fi ba sarki wahala, kuma inda bai taɓa yin cikakkiyar nasara ba. Bersai tana kan tudu ne, sama da kogin Sen, ruwan da ke wurin kuwa kwantacce ne mai kawo zazzaɓi. Le Nôtre ya janye ruwan fadamar ya tara shi a dogon tafkin da aka haƙa tsakanin 1668 da 1679, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, wanda har ƙananan jiragen ruwa ake tuƙawa a kai. Amma maɓuɓɓugai suna bukatar ruwan da ke gangarowa daga sama da ƙarfi. Aka haƙa tafkuna da magudanai a tuddan da ke kewaye, bai isa ba. Sai aka gina na'urar Marly a bakin kogin Sen, aka gama ta a 1684, aikin wani kafinta mutumin Liège mai suna Rennequin Sualem: manyan ƙafafun katako 14 da ruwan kogi ke juyawa, suna motsa famfuna fiye da 200, suna tura ruwa hawa-hawa zuwa tsayin da ya haura mita 150. Abin mamaki ce a zamaninta, sai dai tana yawan lalacewa, kuma yawancin ruwanta wani gidan shaƙatawar sarki da ke Marly ya tafi. A 1685 aka shiga aikin da ya fi wannan girma, na karkato kogin Eure daga nisan kimanin kilomita 80, aka zuba dubban sojoji a haƙa, cuta ta kashe da yawa, yaƙi ya ɓarke a 1688 aka watsar da aikin. Kangon gadar ruwan yana nan tsaye a Maintenon.

Saboda ƙarancin ruwan, ba a iya kunna maɓuɓɓugai duka a lokaci ɗaya. Idan sarki ya fito yawo, masu kula da famfo sukan yi wa juna busa, a buɗe wadda ke gabansa a rufe wadda ya wuce. Wani ɓangare na bututun ƙarfe da na dalma da aka binne a wancan zamani yana aiki har yanzu, kuma nauyin ruwa ne ke tura shi.

Game da ma'aikata, wani bafade da ke rubuta abubuwan yau da kullum ya ƙiyasta mutum 36,000 a wuraren aikin a 1685. Ba na jin daidai ne a yi maganar madubai a manta da su. A wata wasiƙa ta 1678, Madam de Sévigné ta ambaci yadda ake fitar da gawarwakin leburori cike da amalanke cikin dare domin kada sauran su firgita. Kuɗin kuma daga harajin talakawa ya fito, a ƙasar da manyan masu ƙasa da malaman coci ba sa biyan babban harajin da ke kan manomi. Ko sarki bai tsira daga matsin ba: a 1689 ya sa aka narkar da kujeru da tebura da tukwanen azurfa tsantsa da ke Zauren Madubai da sashensa domin a biya kuɗin yaƙi.

TAMBAYA: Har yanzu akwai masu sarauta a ciki? Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Babu, Hajiya. Ranar 6 ga Oktoban 1789, bayan dubban matan Faris sun yi tattaki zuwa fadar saboda tsadar burodi, aka tilasta wa Luwi na 16 da matarsa Marie-Antoinette komawa birni, kuma tun daga ranar babu sarkin da ya sāke zama a Bersai. An yi gwanjon kayan ɗakunan a 1793 da 1794. A 1837 Sarki Louis-Philippe ya mayar da ginin gidan tarihin Faransa, abin da ya cece shi daga rushewa ko da yake an fasa ɗakunan fadawa da yawa domin a samu zaurukan rataye hotuna. Attajirin Amurka John D. Rockefeller ƙarami ya ba da kuɗi masu yawa na gyara daga 1924, hukumar UNESCO ta sa fadar da lambunta cikin kayan tarihin duniya a 1979, kuma bayan guguwar Disamban 1999 da ta kayar da bishiyoyi fiye da 10,000 an sāke dasa lambun. Ginin yana da ɗakuna kimanin 2,300 a fili mai faɗin hekta 800, miliyoyin mutane suna ziyartarsa kowace shekara, kuma a wani sashensa ne majalisun dokokin Faransa biyu ke haɗuwa idan za su gyara tsarin mulki.

TAMBAYA: Kakana yakan ce a zamanin iyayensa garinmu yana hannun Jamus, kuma a wata fada a Faransa aka ƙwace shi. Wannan fadar ce? Daga wani mai karatu a Mubi.

AMSA: Ita ce, kuma maganar kakanka tana da tushe. Labarin ya fara ne daga 18 ga Janairun 1871, lokacin da Jamusawa, suna gab da kammala cin Faransa da yaƙi, suka zaɓi Zauren Madubai suka naɗa Wilhelm na 1 sarkin sarakunan Jamus, a ƙarƙashin zanen da ke nuna nasarorin Luwi na 14 a kan ƙasashen Jamus da Holan. Faransawa ba su manta da wannan wulaƙanci ba. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, firaministansu Clemenceau ya tsaya a kan cewa a wannan zaure Jamus za ta sa hannu a takardar sulhu, aka kuwa yi haka ranar 28 ga Yunin 1919.

Sashe na 119 na yarjejeniyar ya raba Jamus da duk ƙasashen da take mulka a ƙetare, ciki har da Kamaru da Togo. Gaskiya ne cewa sojojin Ingila da na Faransa sun riga sun ƙwace Kamaru da ƙarfin bindiga tsakanin 1914 da 1916, sun kuma raba ta a tsakaninsu, amma yarjejeniyar Bersai ce ta mayar da ƙwacen ya zama doka, ta kuma kafa Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci wadda ta damƙa yankunan a hannun Ingila da Faransa da sunan riƙon amana a 1922. Babu wanda ya tambayi mutanen Mubi ko Dikwa ko Gashaka ra'ayinsu a ranar. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila kuma ta samu siririn yanki a kan iyakar Najeriya, ta riƙa mulkin arewacinsa tare da Jihar Arewa. Sai a 1959 da kuma Fabrairun 1961 aka kai akwatin ƙuri'a yankin a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙuri'ar ta biyu arewacin ya zaɓi Najeriya, ya shige ta ranar 1 ga Yunin 1961 da sunan Lardin Sardauna, kudancin kuma ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru ranar 1 ga Oktoban wannan shekara. Ta irin wannan hanya ce ɓangaren Togo da ke hannun Ingila ya shiga Ghana a 1957, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956.